Gyaran Da Ba A Sa Shi Ba

Malam Ɗan Azumi ya riga ya rataya jakar kwamfutar a kafaɗa, ƙafarsa ɗaya ta tsallake bakin ƙofa, sai ya ji muryar 'yarsa a bayansa.

"Baba, jira ni in sa hijabi."

"Ina za ki?"

"Wurin mai gyaran."

"Ke da kika kwana gidan suna, idonki duk barci? Je ki kwanta, Zuwaira. Ina da mutum, yanzun nan zan dawo."

"Ba zai san abin da zai nema ba sai ina wurin."

Ya tsaya a baranda yana gyara hular da ba ta karkace ba. A kicin ɗin da duk 'yan hayar gidan ke girki, matarsa Iyatu tana waya, kuma babu wanda bai san da wa take yi ba. Har Iya Basira ta ɗakin ƙarshe ta rage rediyonta.

"Kada ka rantse min. Wa ya kwana a falon in ba kai ba? Wa ya dinga cewa sai an sa mata Windows ya cike takardun neman aiki? Babanka ne zai taɓa mata kaya? To ka ji da kyau, in karatun yarinyar nan ya lalace, kada ka nemi tuwona."

Abdulmuhaimin, ɗansu na fari, ya fita tun asuba da babur ɗin kamfanin da yake kai wa saƙo. Ɗora masa laifi a gidan nan ba ya wuya, don ya tara tarihi. Amma wannan karon babu hannunsa, kuma Ɗan Azumi ya fi kowa sani.

Jiya Juma'a Iyatu da Zuwaira suka tafi Ajegunle sunan jikar ƙanwar Iyatu, da niyyar kwana. Shi kuma da ya dawo daga masallaci ya shiga falo neman cajar waya, sai ya tarar da kwamfutar a buɗe bisa tebur, tana huci kamar an ɗora ta a wuta. Fuskarta baƙa ƙirin. Babu hoto, babu 'yar kibiyar nan da ake motsawa, sai fararen rubutu ƙanana suna ta hawa sama kamar kiyashi sun sami sukari. Wata 'yar takarda na kan madannan, ya ɗauke ta ya cusa a aljihu ya danna nan, ya danna can. Rubutun bai tsaya ba.

Shi ne ya sayo kwamfutar bara da hannunsa, tokumbo, wadda aka riga aka yi amfani da ita, lokacin da yarinyar ta shiga shekara ta biyu a jami'a. Ya san kuma Litinin tana da wani abu babba a makaranta, don sati uku ke nan ba ta cin abinci a zaune. Sai ya ce a ransa, wannan yarinya za ta dawo a gajiye ta tarar abin ya mutu. Ya zare waya daga bango, ya rufe murfin, ya nufi shagon Ashiru a bakin titin jirgi. Kafin magariba ya dawo da ita tana walƙiya, da hoton wani shuɗin tafki da duwatsu. Ya ajiye ta daidai inda ya ɗauka, ya kwanta yana murmushi, yana tsara yadda zai ce, ai ba komai, aikinmu ne.

Da safen nan Zuwaira ta dawo, ko mayafi ba ta cire ba ta buɗe. Yana zaune da kofin shayi, maganar tana bakinsa. Sai ya ga ta dafa tebur da hannu biyu. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "An goge komai," a hankali, kamar mai karanta sanarwar rasuwa. Iyatu ta tambaya wa ya goge, ta ba kanta amsa a numfashi ɗaya, ta ɗauki waya. Shi kuwa ya haɗiye maganarsa tare da shayin.

Suka fito titi. Asabar ce, Agege ta cika ta batse. Masu burodi sun jera kaya, yaran motocin haya na danfo na ta ihun Oshodi da Iyana-Ipaja, ruwan daren jiya ya bar taɓo a gefen kwata. Ɗan Azumi mutum ne da ba ya tafiya taku goma a unguwar nan ba a gaishe shi ba. Shekara ashirin da shida yana tsara layin motocin shanu a karar Oko-Oba. Tudun da ake sauke shanu ɗaya ne, tireloli kuwa wata rana sha biyar za su iso daga Arewa, kowane direba ya kwana uku a hanya, kowane dillali na ganin nasa ne ya fi gaggawa. Shi ke cewa wane shiga, wane jira. Bai yi boko ba. Yana karanta lambar mota daga nesa, yana rubutunsa da ajami, in kuma aka miƙo masa takardar Turanci sai ya shafa aljihu ya ce bai zo da tabarau ba. A haka ya zauna da 'yan sanda, da 'yan ƙungiya, da likitocin dabbobi, ba wanda ya taɓa juya shi.

Yau dai gaisuwar ma nauyi take masa.

"Ko Ikeja za mu je?" in ji shi da suka kusa titin jirgi. "Can ne manyan masu gyara suke."

"Ka ce kana da mutum."

"Ina da shi. Na ga kamar can sun fi kayan aiki."

"Mu fara da naka, Baba. Ya fi kusa."

Shagon Ashiru kwantena ce da aka yanka mata taga, cike da gawarwakin wayoyi da kwamfutoci. Ashiru ɗan Agege ne haihuwa da girma, ya kai arba'in, Yarabanci a bakinsa ya fi Hausa gudu. Tun daga nesa Ɗan Azumi ya hango shi sunkuye da abin lika waya a hannu.

"Zuwaira, karɓo mana ruwa mai sanyi a wurin matar can."

Tana juya baya ya ƙara sauri.

"A'a, Baba Kara, har an dawo? Ba ta yi ba ne?"

"Rage murya. Mai ita ce ke zuwa. Aikin makarantarta ne a ciki, duk ya tafi."

Ashiru ya ajiye abin da ke hannunsa. "Baba, sai da na tambaye ka."

"Na san ka tambaye ni."

"Na ce Linux ce a kai, ba lalacewa ta yi ba, masu karatun kwamfuta haka suke sa wa. Na ce akwai abu mai muhimmanci a ciki? Ka ce babu. Na ce a kira ta. Ka ce kai ka saya."

"Ashiru, ban zo ka karanta min abin da na faɗa ba. Ka rufa min asiri, ka dawo mata da kayanta. Ba ka taɓa ganin kwamfutar nan ba."

"Ni ba zan yi ƙarya ba fa, Baba."

"Ban ce ka yi ƙarya ba. Na ce ka yi shiru."

Zuwaira ta iso da ruwa leda uku. Ta gaishe da Ashiru, ta karɓi jakar daga kafaɗar ubanta, ta buɗe kwamfutar da kanta. Daga nan maganar ta fi ƙarfin Ɗan Azumi. Rabi Hausa, rabi Turanci, tana nuna wa Ashiru inda aikin yake zaune a da, shi kuma yana gyaɗa kai ba tare da ya kalli kowa ba. Ya jona wata 'yar na'ura, ya kunna abin da ke tono fayilolin da aka goge. Wani koren layi ya fito, yana tafiya kamar bai so.

"Awa biyu, ko uku," in ji Ashiru. "Amma in gaya miki gaskiya, ƙanwata, sabon da aka sa ya zauna a kan tsohon. Abin da ya danne ya tafi. Ba ki da kwafi?"

"Akwai na sati uku da suka wuce a filash. Ƙashin aikin ne kawai. Na ce in gwajin ya ƙare sai in kwafe gaba ɗaya."

"Yaushe za ki miƙa?"

"Litinin ƙarfe goma. A gaban lakcara za a kunna, ya yi tambayoyi. Wanda bai kawo ba ya faɗi kwas ɗin, kuma sai ka ci shi za ka ɗauki na gaba. Shekara guda ke nan."

Ta faɗe shi ba tare da muryarta ta motsa ba. Ɗan Azumi ya fasa ledar ruwa da haƙori, rabi ya zube masa a riga.

Suka zauna a bencin da ke gefen kwantenar, inda inuwa ta rage. Jirgi ya wuce, masu tumatir suka janye tirensu daga bakin layin dogo suka mayar. Ɗan Azumi ya juyo wajenta.

"Wai shi wannan karatun, na mene ne takamaimai?"

"Tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, Baba."

"Na ji sunan. Me yake yi?"

Ta ɗan yi tunani. "Ka ga kwamfuta, wurin da take yin aiki ɗaya ne, kamar tudunku na saukewa. Ayyukan da ke son shiga kuwa ɗaruruwa ne, kowa na cewa ni ne. Dole akwai wanda zai tsaya ya ce wane shiga, wane jira, wane ka daɗe, fito. In babu shi, ko dai su cushe a ƙofa, ko wani babba ya shiga ya hana kowa. To shi muke koyo."

"Wato akwai irina a cikin abin nan."

"Akwai. Littafinmu ya kawo hanyoyi huɗu. Wanda ya riga zuwa ya riga shiga. Ko a fara da mai ƙaramin kaya. Ko a ba kowa ɗan lokaci a zagaya. Ko a bi girma. Lakcara ya ce kowa ya rubuta nasa mai tsara layin, ya gwada, ya zo ya kare shi. Yawanci sun ɗauki na littafi. Ni na ɗauki naka."

"Nawa?"

"Ka manta lokacin yajin aiki na bi ka kara kwana uku da littafi?"

Bai manta ba. Ya ɗauka wani abu ne na tsafta aka sa su, irin na masu duba nama. Ya ma ɗan ji kunya a lokacin, budurwa da hijabi fari tana tsaye cikin kashin shanu tana tambayar direbobi ƙarfe nawa suka iso.

"Ka ce wanda ya riga isowa shi ke gaba," in ji ta, tana lissafawa da yatsu. "Amma in saniya ta kwanta a cikin mota, wannan motar ta wuce kowa, don in aka jira za a taka ta ta mutu. In ƙaramar mota ce mai shanu takwas, a bar ta ta sauke, minti goma ne. Sannan ba a tsallake mutum sau uku. Ko wa ya zo, wanda aka tsallake sau biyu shi ne na gaba."

"In ba haka ba wuƙa za a zaro."

"A littafi ma akwai sunansa, wanda ake ta tsallakewa har ya mutu a layi. Sun ce matsala ce babba. Na ce wa lakcara babana ya warware ta tun kafin a haife ni. Ya yi dariya, ya ce in kawo ya gani."

Ɗan Azumi ya kalli ƙasa. Akwai wata robar lemo da aka taka ta baje a cikin taɓo, ya tsura mata ido.

"Ranar Juma'a da safe na sa masa motoci dubu goma na gwaji," ta ci gaba. "Yana bukatar yini da kwana. Shi ya sa na bar ta a kunne. Kowace mota ta sauke sai layi ɗaya ya fito. Har sunaye na sa musu, don in riƙa ganewa. Audi Mai Sigari, Salissou na Maraɗi, Dogon Potiskum."

Kiyashin nan, ashe direbobinsa ne. Ya tsaya a kansu jiya da caja a hannu, suna wucewa ɗaya bayan ɗaya bisa ƙa'idarsa, ya zare musu wuta.

Wayarsa ta yi ƙara. Abdulmuhaimin. Ya tashi ya matsa bayan kwantenar, inda janareton Ashiru ke aiki.

"Baba, wallahi ban taɓa ba." Ana jin iska da hon a bayansa, ya tsaya ne a gefen hanya. "Da na shigo jiya a rufe na gan ta. Ko kusa da teburin ban je ba. Umma ta ƙi saurara ta. Kai ka gaya mata."

"Za mu yi magana in ka dawo."

"Kai ma ka yarda ni ne?"

"Na ce za mu yi magana. Kula da hanya."

Ya kashe. A kara, in direba ya yi masa irin wannan amsar, ya san nan take akwai abin da ya ɓoye a ƙarƙashin tampol.

Aka kira azahar. Ya tafi masallacin da ke bayan masu katako, ya yi alwala, ya bi jam'i. Da liman ya yi sallama bai iya cewa raka'a nawa aka yi ba. Ya zauna bayan kowa ya fita yana jan carbi, yana tsara magana. Zai iya cewa wuta ce ta kawo da ƙarfi ta ƙona wani abu, shi ya sa ya kai. Zai iya cewa Ashiru ne bai yi masa bayani sosai ba. Duka biyun za su shiga, ya san yadda ake sa magana ta shiga. Ya sa hannu a aljihu neman goro, sai ya taɓo takarda. Rigar jiya ce a jikinsa. Ya warware ta. Rubutun Zuwaira ne, manyan baƙaƙe, kalma uku, an ja layi biyu a ƙarƙashi. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya mayar aljihu.

Da ya dawo koren layin ya kai ƙarshe. Zuwaira na tsaye a tagar kwantenar, Ashiru na buɗe mata abin da aka tono ɗaya bayan ɗaya. Hotunan bikin wata ƙawarta. Rabin wani littafi. Wata waƙa da ba ta kunnuwa. Ɗaruruwan fayiloli marasa suna, in an buɗe sai tarkacen alamomi.

"Tsaya," in ji ta. Ta matso da fuska. Layi bakwai ne na aikinta, daga tsakiya, sai kuma tarkace. Ta daɗe tana kallonsu. "Shi ke nan. Na gode, Yaya Ashiru."

"Ki yi haƙuri, ƙanwata. E ma binu." Ya ƙarasa ban haƙurin da Yarabanci yana kallon Ɗan Azumi ta saman kanta.

Ta fara naɗe wayar caja a hannunta, a hankali, zagaye bayan zagaye. Ɗan Azumi ya ciro takardar ya ajiye a kan katakon tagar.

"Me kika rubuta a nan?"

Ta kalli takardar, ba ta taɓa ta ba. "Kada a taɓa. Da Turanci. Saboda Yaya na rubuta."

"A kan madannan na same ta." Ya gyara murya. "Ni ne, Zuwaira. Na ga baƙi, na ɗauka ta mutu. Na kawo wa Ashiru. Ya ce ba lalacewa ta yi ba, ya ce a kira ki, na ce ni na saya. Shi ba shi da laifi. Yayanki ma ko kusa bai je ba."

Ashiru ya sami wata waya da ke bukatar a kwance ta nan take, ya juya musu baya.

"Na sani, Baba."

"Kin sani?"

Ta juyo da kwamfutar wajensa, ta danna wani wuri. Hoton tafkin ya fito, da wani ɗan da'ira a tsakiya, da rubutu a ƙarƙashinsa.

"In an sa sabon Windows sai ta tambayi sunan mai ita. Masu gyara sunan wanda ya kawo suke sawa. Ga shi nan. Baba Kara. Shi na fara gani da na buɗe."

Ya kalli rubutun. Jiya ya kalle shi ya fi sau biyar yana jin daɗin yadda ya fito tsaf.

"Haka nake yi don kada kaya su cakuɗe," in ji Ashiru, bai juyo ba.

"To me ya hana ki faɗa tun safe?"

"A gaban Umma? Da Iya Basira tana saurare?" Ta sa cajar a jaka. "Ni ban ce Yaya ne ba. Amma ban ce ba shi ba ne. Tun safe abin ke damuna. Na biyo ka ne ko za ka faɗa a hanya."

Sai yanzu idonta ya kawo ruwa, ta goge da gefen hijabi da sauri, kamar wadda ƙura ta shiga wa ido. Ɗan Azumi ya so ta yi masa faɗa. Da direba ne, da an yi hayaniya an gama, kowa ya sha ruwa. Wannan kuwa ta tsaya tana zuge jaka.

"Daga yanzu zuwa Litinin, zai yiwu?"

"Ban sani ba. Rubutun sati uku ne. Wasu wuraren ina tunawa, wasu sai na sake tunani. Gwajin dubu goma ba zai samu ba, sai dai dubu biyu. In wuta ta tsaya."

"Wuta za ta tsaya."

Ta ciro filash daga jakarta ta miƙa wa Ashiru, sannan ta fasa, ta ce ya matsa mata kawai. A tsaye a tagar, cikin rabin awa, ta share tafkin da duwatsun da sunan ubanta, ta mayar da Linux. Ɗan Azumi bai jira ta gama ba. Ya kira ɗansa, a nan inda za ta ji.

"Kana ina?"

"Maryland, nan kusa da Ikeja."

"Tsaya gefe." Ya jira ƙarar babur ta mutu. "Ni na kai kwamfutar aka goge. Na san ba kai ba ne tun safe, na yi shiru. Ka yafe ni."

Ya duba fuskar wayar ko ta yanke.

"To, Baba," in ji Abdulmuhaimin. Sai kuma, "Umma ta sani?"

"Yanzu za ta sani. In ka tashi, biya ta wurin abokina Baballe ka ce ya ba ni aron ƙaramin janaretonsa kwana biyu."

Iyatu na tsince shinkafa a baranda da suka iso. Ya gaya mata a tsaye, bai rage murya ba, don ya ga labulen Iya Basira ya motsa, kuma wadda ta ji zagin ya kamata ta ji sauran. Iyatu ta ajiye tiren a cinyarta.

"Malam, kana zaune da kofin shayi ka bar ni ina ta cin mutuncin yaron nan?"

"Ina zaune."

"Har na ce kada ya nemi tuwona."

"Na ji."

Ta dube shi, ta dubi 'yarta, ta ɗauki tiren ta shige kicin. Can aka ji tana tambayar Iya Basira ko mai kifin nan ya wuce, irin wanda yaron ke so.

Bayan la'asar Zuwaira ta share teburin falo, ta jona kwamfutar. Fuskar ta fito baƙa ƙirin, da ɗan farin abu yana ƙiftawa a kusurwa. Ɗan Azumi ya jawo kujera ya zauna nesa kaɗan, hannayensa a kan gwiwa. Ta yi rubutu na wani lokaci, ta tsaya, ta goge, ta sake.

"Baba, in mota biyu suka iso tare, kowacce da saniya a kwance, wa ke fara shiga?"

"Wadda tata ta fi daɗewa a ƙasa."

"In ba a sani ba fa?"

"Direba ya sani. Sai dai ya ƙi faɗa. Ki duba wadda shanunta suka fi cunkushewa."

"Wancan karon ba haka ka ce min ba."

"Wancan karon ban san abin da za ki yi da shi ba."

Ta rubuta. Can sai layi ɗaya ya fito da kansa, wani ya biyo shi, wani ya biyo, guda goma, suka tsaya. Ta ja tsaki, ta ce an tsallake Salissou sau huɗu, akwai gyara. Ta yago takarda daga littafinta, ta ɗauki biro ta fara manyan baƙaƙe, don in ta tashi salla ta ɗora a kai.

"Me kike rubutawa?"

"Kada a taɓa."

Ya miƙa hannu ta ba shi biron. Ya juya takardar ta baya, ya ɗora a gwiwarsa, ya rubuta kalmomin nan uku da ajami daga dama zuwa hagu, a hankali, har da wasali. Ya ja layi biyu a ƙarƙashi kamar yadda ta yi, ya miƙa mata.

"Sa wannan gefen a sama," in ji shi.